Ginin da Ba Shi da Ƙofar Baya

Malam Badamasi ya shekara ashirin da uku yana raba rigima a garin Bagudo, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa zaunar da masu rigima biyu a ɗaki ɗaya ba sai bayan ya gama da su. Sana'ar tasa ke nan gaba ɗayanta. Shi ba alƙali ba ne, ba kuma mai unguwa ba. A takardun Ƙungiyar 'Yan Jirgi da Masu Lodin Gaɓa an rubuta shi da sunan mai sulhu, kuma duk ɗan jirgin da ke kai albasa, shinkafa ko busasshen kifi tsakanin mashigun kogin Kwara da ƙetaren iyakar Benin ya san cewa in magana ta ɓaci, kafin a je ko'ina sai an fara biyawa ta wurinsa.

A Kurgu aka haife shi. Mahaifinsa manomin shinkafa ne, mahaifiyarsa kuwa daga ƙetare aka auro ta, Dendanci ne harshenta, ga Fulani maƙwabta a bayan gari. Ya tashi da harshe uku a bakinsa ba tare da ya ɗauki abin a bakin komai ba. Sai da ya kai shekara talatin da ɗaya, yana ɗaukar buhuna a mashiga, aka kira shi ya yi tafinta tsakanin masu jirgi biyu da suka kusa dambe, ɗaya ba ya jin Hausa, ɗaya ba ya jin Dendanci. Na farko ya yi zagi mai tsawo wanda ya haɗa har da kakanni. Badamasi ya juya wurin na biyun ya ce masa, "Ya ce ransa ya ɓaci, don bai zaci haka daga gare ka ba." Aka rabu lafiya. Daga baya ya gano cewa dabarar tana aiki ko da duka biyun Hausa suke ji, muddin akwai bango a tsakaninsu.

Tsohon ofishin ƙungiya ya dace da wannan aiki kamar don shi aka gina shi, alhali asalinsa ma'ajiyar albasa ce. Ginin ƙasa ne mai rufin kwano a bayan tasha, ɗaki biyu, da ɗan lungu a tsakani mai taku tara. Ƙofa ɗaya tana fita layin tasha, ɗayar tana fita layin masu injin niƙa. Wanda aka gani a layin tasha, mota ya zo nema. Wanda aka gani a layin niƙa, hatsi ya kawo. Babu wanda zai nuna mutum da baki ya ce ga wane can an kai ƙararsa. Malam Badamasi yakan ajiye ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ya yi ta kai da komowa, ya ɗauko magana da dattinta daga nan, kafin ya ƙarasa takun nan tara ya wanke ta tas. A shekarar ƙarshe da aka yi a wannan ofis an kawo masa rigima hamsin da takwas, ya kashe hamsin da ɗaya.

A watan Nuwamban 2021 shugaban ƙungiya, Alhaji Maliki, ya dawo daga wata tafiya da ya yi Kwatano da Abuja, wayarsa cike da hotunan gine-gine. Ya ce wa 'yan kwamiti abin kunya ne a ce ƙungiya mai mambobi sama da ɗari huɗu tana karɓar baƙi a inda har yau warin albasa bai fita ba. Aka samu fili a tsakiyar gari, daidai mararrabar da hanyar kasuwa, ƙofar tasha da titin iyaka suka haɗu. Aka kira ɗan ƙanwarsa, Mutawakkil, wanda ya karanci zanen gine-gine kuma yake aiki a birni, ya zo ya nuna abin da ya tsara.

Mutawakkil mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida kowa kafin ya buɗe kwamfutarsa. Gini ne mai hawa biyu. Sama gilashi ne shuɗi mai kama da madubi, inda ofishin shugaba da ɗakin taro za su kasance. Ƙasa kuwa gilashi ne garau daga daɓe har silin, har bangon da ya raba ɗakuna a ciki ma gilashi ne. Ya ce haka ake yi yanzu a duniya: ofis a buɗe, haske ya shiga, kowa ya ga aikin da ake yi, babu ɓoye-ɓoye, babu zargi. 'Yan kwamiti suka yi ta gyaɗa kai.

Malam Badamasi ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar, ya daɗe yana dubawa.

"Injiniya, juya muna shi mu ga bayansa."

Mutawakkil ya juya hoton. Bango ne ɗoɗar, babu ko taga.

"To ina ƙofar baya?"

"Baba, ba ya buƙata. Ƙofa ɗaya ce babba a gaba, mai buɗe kanta. In mutum ya matso sai ta ja gefe."

"Ni ba ƙofar da ke gaida mutane nika nema ba, ɗana. Ƙofar da ba ta san kowa ba nika so."

Aka yi dariya. Alhaji Maliki ya ce, "Badamasi, kai in an bar ka, a rami za ka riƙa yi muna aiki kamar gafiya. Zauna." Ya zauna. A bayanin taron ranar an rubuta cewa mai sulhu ya yi tambaya game da ƙofa, kuma an ba shi amsa.

An buɗe ginin ranar sha ɗaya ga Maris, 2023, kuma gaskiya ya yi kyau. Da hantsi gilashin sama yakan ɗauko hoton tasha gaba ɗaya, da motocinta da masu tallan rake. Direbobi suna tsayawa su gyara hula a jikinsa. Ɗakin sulhu shi ne na hannun dama da shiga, da teburi fari da kujeru masu juyawa, da sunan Malam Badamasi a rubuce a jikin gilashi. Daga ƙofar ginin zuwa inda 'yan kabu-kabu ke jera baburansu taku goma sha biyu ne, kuma ba a taɓa rasa mutum ashirin a wurin ba tun daga safe har magariba.

Mutum na farko da ya kawo ƙara wani mai lodin kifi ne. Yana hawa matakala ƙofa ta ja gefe da kanta, ya firgita ya ja da baya, 'yan kabu-kabu suka yi masa shewa. Da ya shiga ya zauna, sai ya ga fuskoki a manne da gilashi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai wane, mi ka yi? Ko kai aka yi wa?" Mutumin ya gaida Malam Badamasi, ya tambaye shi iyali, ya yaba sanyin na'ura, ya ce dama wucewa yake ya ce bari ya ga gini. Ya fita bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Kwana uku bayan haka aka ji sun fasa wa juna kai da abokin rigimar tasa a mashiga.

Malam Badamasi ya kawo tabarmi huɗu daga gida ya rataya a jikin gilashin. Sun yi kwana biyu. Alhaji Maliki ya sauko ya ce ba kantin tabarma aka gina ba. Malam Badamasi ya manna tsofaffin kalandu, aka ce gam yana ɓata gilashi. Ya nemi labule, aka ce za a tambayi Injiniya, Injiniya ya aiko da amsa cewa labule zai kashe fuskar gini, amma akwai wata leda da ake mannawa, sai dai a birni ake samunta. Ledar ba ta zo ba. Malam Badamasi ya rubuta takarda yana roƙon a huda ƙofa a bangon baya, ranar biyu ga Mayu. Ya sake rubutawa a watan Agusta, ya kuma rubutawa a watan Janairu. Duka ukun an karɓa, an buga musu hatimi, an sa su a fayil.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu cewa a buɗe komai su ne a sama, bayan gilashin da babu mai ganin cikinsa. Yakan ce wa matarsa Sakinatu, "Alhaji shina can bisa shina cin gasasshen kifi ba wanda ya sani. Ni in na sosa kunne, kafin azahar an ji a Zagga." Tagogin ba sa buɗewa, saboda haka in an ɗauke wuta aka yi jinkirin tada janareta, ɗakin yakan koma kamar tandar gasa burodi, ya zauna yana zufa a gaban jama'a. A shekarar farko rigima tara kawai aka kawo masa. Ba don an daina faɗa ba. Faɗan ne ya koma bakin ruwa, inda babu mai raba shi sai sanda.

A taron watan Yulin 2024 aka kawo maganar a fili. Wani ɗan kwamiti ya ce ɗakin sulhu shi ne mafi kyau a ginin, ga shi a bakin titi, kuma akwai mai sayar da wayoyi da ke nema. Alhaji Maliki ya ce a ba Badamasi zuwa ƙarshen damina. In ba a ga amfanin ɗakin ba, a rufe aikin sulhu, mai rigima ya tafi wurin hukuma. Malam Badamasi ya ce ba aikin ne ya mutu ba, ɗakin ne ya kashe shi. Aka ce masa ya daina ɗora wa gini laifi, gini ba ya magana.

Ana cikin haka, a tsakiyar watan Agusta, ruwa ya cika ya cinye rabin mashiga, wurin ɗaure jirage ya ƙuntata. Akwai wani Bunyaminu, masunci ne ɗan masunta, da ya koma jigilar fasinja, yana da turken ɗaure jirgi da mahaifinsa ya kafa tun kafin a haife shi. Akwai kuma Mudassiru, mai babban jirgin albasa, mazaunin ƙetare ne amma mamba ne a ƙungiya. Mudassiru ya iso da kaya bai samu wurin tsayawa ba, ya sa aka tumɓuke turken aka matsar da shi ƙasa kaɗan. Da Bunyaminu ya zo ya gani, sai ya kwance igiyar jirgin Mudassiru. Jirgin ya bi ruwa da buhu saba'in, ya je ya kafe a kan rairayi, sai da aka yini ana janyo shi. Mutanen kowane ɓangare suka fara zuwa mashiga da gora.

Alhaji Maliki ya ce ga dama ta samu, a kira su duka biyu ofis ranar Litinin. Malam Badamasi ya roƙa a bar shi ya same su ɗaya bayan ɗaya a gidajensu. Alhaji ya ce a'a, an gina ofis ne don a yi aiki a ofis.

Ranar Litinin ɗin kasuwa na ci. Malam Badamasi ya ajiye Bunyaminu a ɗakin sulhu, ya ajiye Mudassiru a ɗakin jira da ke kusa, gilashi ne kawai a tsakaninsu. Ya fara da Bunyaminu.

"Malam, ka gaya mishi," in ji Bunyaminu, "turken nan ubana yak kafa shi lokacin da nashi uban ke yawon neman wanda zai ba shi aron kwale-kwale. Ka ce mishi baƙo ne, kuma baƙon banza." Yana faɗa yana nuna Mudassiru da ɗan yatsa, ya ƙare da tofar da yawu a kan tayil.

Malam Badamasi ya zagaya ɗakin jira, ya zauna, ya sassauta murya. "Ya ce turken tunawa ne da mahaifinsa, shi ya sa abin ya taɓa shi. Ya ce ya san kai baƙo ne mai mutunci."

Mudassiru ya dube shi. "Malam, ina girmama ka. Amma mutunci da yawu aka faɗin shi? Ga shi can a ƙasa, ina gani. Ga yatsanshi ma bai sauke ba."

Malam Badamasi ya waiwaya. Lallai yatsan na nan a miƙe. A waje kuwa 'yan kabu-kabu sun bar baburansu, masu rake sun ajiye baro, har wani ya ɗora ɗan'uwansa a kafaɗa. Tunda ba sa jin abin da ake cewa, sai suka riƙa cike gurbin da kansu. "Ya zagi uwarshi!" in ji wani. "Tashi mana, Bunyaminu, kai ko ba namiji ba ne?" Mutum in shi kaɗai ne a ɗaki yana iya haɗiye magana. A gaban mutum sittin ba ya iyawa. Su biyun suka miƙe a tare, suka yi ta zagin juna ta cikin gilashi, suka fito suka haɗu a ƙofa ɗaya tilo da ginin ke da ita, ita kuwa ta ja gefe ta ba su hanya. Sai da mutum shida suka shiga tsakani. Mudassiru ya rantse in Alhamis ta yi ba a yi masa komai ba zai kai maganar gaban hukuma, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi: jirage biyu a ɗaure har a gama shari'a, ana tsakiyar lokacin jigila, da kuma ƙarshen aikin Malam Badamasi.

Bai koma ciki ba ranar. Don ya guje wa idon mutane ya bi ta ɗan tsukin da ke tsakanin gini da katanga, ya ɓulla bayan ginin, inda bai taɓa zuwa ba a wata goma sha bakwai. A kusurwar gabas akwai ɗakin janareta, na bulo da rufin kwano, da ɗan gibi a katanga inda masu kawo man dizal ke shigowa daga lungu. A kusurwar yamma akwai rumfar tankin ruwa, ita ma da gibinta inda masu kurar ruwa ke zura tiyo. A tsakanin biyun an ja wata katanga da ta fi tsayin mutum, daga jikin gini har katangar waje. Ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. Ashe wuri biyu da babu mai kallonsu a duk filin, na inji ne da na tanki.

Ranar Laraba da hantsi Bunyaminu ya shigo ta lungun gabas da jarkar dizal a kafaɗa, kamar yadda aka aika masa ya yi. Mudassiru ya shigo ta yamma yana bin bayan mai kurar ruwa. Kowanne an gaya masa cewa ɗayan ne ya fara neman a zauna. Matsalar ita ce katangar tsakiya. Daga ɗakin janareta zuwa rumfar tanki sai an zagayo ta gaban gini, ta gaban 'yan kabu-kabu, taku ɗari da goma sha huɗu. Malam Badamasi yana da shekara hamsin da huɗu da gwiwar hagu da buhunan ƙuruciya suka lalata. Ya ɗauki buta ya riƙe, don wanda ya gan shi ya ɗauka bayan gida za shi.

Janareta na ta ruri, don in aka kashe shi mutanen sama za su dahu. Sai Bunyaminu ya sa baki a kunnen Malam Badamasi yake jin abin da yake cewa, rabin zagin ma ƙara ta cinye.

"Ka ce mishi ya maido turke inda yag gan shi, da hannunshi, ba da hannun ma'aikatanshi ba! In ba haka ba gobe jirginshi sai Yawuri!"

Malam Badamasi ya ɗauki buta ya zagaya.

"Ya ce babu wanda yake so ya taɓa turken mahaifinsa sai mutum mai daraja irinka."

"To shi fa? Albasata ta yini a rana. Ka ce mishi mahaukaci ne, kuma gadon hauka yay yi."

Ya ɗauki buta ya komo.

"Ya ce ya san zafin zuciyar gidanku, kuma ya san ba ku riƙo."

A zagaye na biyar 'yan kabu-kabu suka fara lura. "Malam, lahiya dai? Mi ka ci jiya?" A na takwas wani ya ce, "Baba, ko in kai ka kemis? Kyauta." A na goma sha ɗaya suka fara ƙirgawa da ƙarfi in ya ɓullo, wata mai fura ta biyo shi da shawarar ya jiƙa kanwa ya sha. Ya ce mata ya gode. Rana ta take, gilashin gini na maido zafinta a kan fuskarsa, rigarsa ta manne da baya, yana tafe yana jan ƙafa yana yi wa ginin Allah ya isa a ransa, hawa na ɗaya da hawa na biyu. Amma ya lura da abu ɗaya: duk wanda ya bari shi kaɗai, kafin ya dawo ya ɗan huce. Bunyaminu hayaƙi ya ishe shi, Mudassiru kuwa ruwan tanki na ɗiga masa a wuya, kowannensu ya fara son a gama.

Sau goma sha tara ya zagaya. Aka tsaya a kan cewa Mudassiru zai maida turke da hannunsa da sassafe kafin mashiga ta cika. Bunyaminu zai bar shi ya riƙa ɗaure jirginsa a jikin turken duk ranar da ya zo da kaya har ruwa ya janye, kuma zai ba shi sabuwar igiya a madadin wadda ya kwance, ba tare da an kira ta da sunan ban haƙuri ba. Ba su haɗu a bayan gini ba. Kowa ya fita ta lungunsa, suka je masallacin tasha sallar la'asar, Malam Badamasi ya tsaya a tsakaninsu a sahu. Da aka sallame ya ɗan ja baya, suka yi musafaha kamar yadda kowa ke yi da na kusa da shi, babu wanda ya ga wani abu.

Ya kwana biyu bai iya taka ƙafar ba. Sakinatu na gasa masa gwiwa da ruwan zafi tana cewa, "Gari duk ya ɗauka zawo kake. Har daga Bahindi an aiko gaishe ka."

Ranar Asabar kwamiti ya zauna a sama, Mutawakkil ma ya zo gari yana wurin. Malam Badamasi ya hau matakala yana dogara sanda, da takardarsa ta huɗu a aljihu. Ya tabbata yau kam babu mai musu: ga abin da aka yi a gilashi ranar Litinin, ga abin da aka yi a bayan bango ranar Laraba. Ya bayyana komai dalla-dalla, har yawan takun.

Alhaji Maliki ya saurara har ƙarshe, fuskarsa cike da fara'a.

"Madalla! Kun ji ko? Rigimar da ta fi kowace girma bana, a harabar wanga gini aka kashe ta. Waɗanda ke cewa gini bai yi ba, ga amsa. Badamasi, aikinka na nan, ba mai taɓa shi."

"Alhaji, ƙofar fa?"

"Wace ƙofa kuma? Ba ga shi ka yi sulhu ba ƙofa ba? Da ka kasa ne sai mu duba."

Malam Badamasi ya juya. Ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, kowa na gyaɗa kai. Da ya kasa, da an kore shi. Da ya iya, an ce ba ya buƙatar komai. Ya sa hannu a aljihu, ya wuce takardar, ya ciro makullin ɗakin sulhu ya ajiye a kan teburi.

"Ku ba mai wayoyi. Shi kayansa gani suke so. Ni a ba ni makullin ɗakin janareta."

"Kai Badamasi, ka san abin da kake faɗi? Da girmanka? Hayaƙi zai kashe ka."

"Alhaji, hayaƙi da ni mun fahimci juna. A ba ni makulli, a kuma rubuta cewa rumfar tanki tawa ce."

Aka yi ta muhawara kusan rabin awa, mafi yawanta a kan ko za a kankare sunansa daga jikin gilashi. A ƙarshe aka ba shi makullin, da sharaɗin kada ya rataya tabarma inda za a hango daga titi.

Yana saukowa matakala a hankali Mutawakkil ya biyo shi, ya kama masa hannu.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni ofis aka ce in zana, babu wanda ya gaya mini yadda kake aikinka, ni kuma ban tambaya ba. Bangon baya shi ke riƙe da matakala, ko Kawu ya yarda ba zai hudu cikin sauƙi ba."

"Na ji, ɗana. Lokacin da na tambaya dariya aka yi."

"An yi." Mutawakkil ya waiwaya sama, ya rage murya. "Amma katangar nan da ke tsakanin janareta da tanki, ba ta cikin zanena. Magina ne bulo ya ragu musu suka ja ta. Ba ta riƙe da komai."

Malam Badamasi ya tsaya cak a kan matakala.

"Ba ta riƙe da komai?"

"Ko kaɗan."

"Sau goma sha tara na zagaye ta."

"Na ji ka faɗa, Baba."

Malam Badamasi ya gyara riƙon sandarsa. Ya sauka, ƙofa ta ja gefe ta ba shi hanya, ya ratsa 'yan kabu-kabu suna yi masa ya jiki, ya tsallaka titi yana ɗingishi zuwa rumfar masu facin taya, ya ce a ara masa babbar guduma.